Matajin Da Muke Saye Ba Don Kan Ƴaƴanmu Aka Ƙera Shi Ba

Akwai wani kuka da duk wanda ya tashi a ƙasar Adar ya san shi, har kunne ya saba ya daina ɗaukarsa a bakin komai. Shi ne kukan yarinyar da ake taje wa kai ranar kitso. Daga Illela zuwa Badagishiri, daga Malbaza zuwa Ƙonni, da wuya mutum ya ratsa unguwa ranar Asabar ko Lahadi bai jiyo shi ta bayan katanga ba. Mukan ce yarinyar raki gare ta, ko mu ce gashinta ne ya cika tauri. Ni kuwa a ganina mafi yawan kukan nan mataji ne ke jawo shi, wato ɗan matajin roban nan mai ƙananan haƙora a matse da muke saye wurin ƴan koli. Ba don irin gashinmu aka ƙera shi ba, kuma lokaci ya yi da za mu daina azabtar da ƴaƴanmu da shi.

Na san wani zai ce: Malama, ga azuzuwan kara da iska ke kwashewa, ga ƙarancin littattafai, ga yara mata da ake cirewa daga makaranta tun ba su gama firamare ba, ki rasa abin da za ki yi rubutu a kai sai mataji? Waɗannan duk gaskiya ne, kuma sun fi ƙarfin uwa ɗaya ko malami ɗaya. Mataji kuwa yana hannunmu, gobe ma muna iya canza shi. Sannan na fi shekara ashirin ina riƙe da alli tun da na fito makarantar horon malamai a Tawa, na san yadda safiyar Litinin take a aji. Za ka ga yarinya ta shigo girarta a ɗage kamar mai mamaki, ba ta iya sunkuyawa kan allo, tana cusa bayan biro ƙarƙashin hijabi tana sosawa. Ka tambaye ta, ta ce kanta ke ciwo. Wata kwana biyu ke nan ba ta yi barcin kirki ba, don ba ta iya aza kai kan matashi. Darasin ranar ya wuce ta, na Talata ma rabi za ta kama. In haka na faruwa duk bayan mako biyu ko uku, sai a lissafa kwanakin da take asara daga buɗe makaranta a watan Oktoba zuwa babban hutu.

Kafin mu yi wa mataji shari'a, bari mu dubi gashin kansa. Masana sun sa silin gashi a madubin ƙara girma, suka ga na mutanen gabashin Asiya kusan zagayayye ne kamar kara, yana fitowa a miƙe. Namu kuwa yana da ɗan faɗi kamar tsagin kaba, kuma ramin da yake tsirowa a cikin fata lanƙwasasshe ne. Shi ya sa yake fitowa yana murɗewa yana naɗewa. Wannan halitta tana da amfaninta, domin gashi mai naɗewa yana tsayawa sama da fata ya yi wa kai inuwa a ƙasa mai rana irin tamu. Amma tana zuwa da abubuwan da ya kamata kowace uwa ta sani. Duk inda sili ya murɗe, nan rauninsa yake, nan yake tsinkewa in an ja shi. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa kuma ba ya iya gangarowa har ƙarshen silin saboda kwane-kwanen hanya, don haka gashinmu ya fi saurin bushewa, balle da hunturu, lokacin da leɓe da diddige ma ke tsagewa. Bayan haka sili yakan naɗe ɗan uwansa, wani ma ya ƙulle kansa da kansa. Ashe gashin da muke kira mai tauri ya fi gashin da ke kwance saurin karyewa.

Akwai lissafin da nake son iyaye su riƙe. Mutum yakan zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, lafiyarsa ƙalau. In kai yana kitse, gashin da ya saki ba ya samun hanyar faɗuwa, sai ya maƙale cikin kitson. Ke nan kitson da ya kwana 14 yana iya riƙe da sili 700 zuwa 1,400 da suka riga suka rabu da fata, ga ƙura da tsohon mai sun haɗe da su. Su ne dunƙulen da ake tararwa a gindin kitso ranar tsifa. A kan wannan dunƙule muke ɗora mataji mai matsattsun haƙora, tun daga saiwa, gashi a bushe, mu ja da ƙarfi. Haƙoran ba su da sararin da murɗaɗɗen sili zai wuce, sai su tattaro ƙananan ƙulli su tura su gaba har su haɗu su zama babba. Daga nan ɗayan biyu ne, ko gashi ya tsinke ko a tumɓuke shi daga fata.

Duk wadda ke shakka ta shimfiɗa farin zane ranar tsifa ta dubi abin da ya zubo. Silin da ya faɗi don kansa dogo ne, da ɗan farin ɗigo a gindinsa. Guntayen da ba su da wannan ɗigo, mataji ne ya karya su. Gashi kuwa bai cika wuce santimita ɗaya a wata ba wajen tsiro, abin da aka karya cikin minti biyar sai a yi watanni ana jiransa. Shi ya sa za ka ji uwa na cewa gashin ƴarta ba ya tsawo. Yana tsawo, ana dai karya shi ne daidai da yadda yake fitowa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kakanninmu na Afirka sun warware wannan matsala tun da daɗewa. A kaburburan tsohuwar Masar da Sudan an tono matajai na icce da ƙashi da hauren giwa, wasunsu sun haura shekara 5,000, masu dogayen haƙora da sarari a tsakani. A 2013 gidan tarihi na Fitzwilliam da ke Kambirij a Ingila ya shirya baje koli na musamman a kan tarihin irin wannan mataji. Mutanen Akan na Gana har yau suna da matajin icce da suke kira duafe, sun ma sa shi cikin alamominsu na adinkra. A farkon shekarun 1960 wani mai aski baƙar fata a birnin San Diyego na Amurka, Willie Morrow, ya ga matajin icce da aka kawo masa tsaraba daga Najeriya, ya kwaikwaye shi, ya shiga ƙera shi da yawa yana sayar wa baƙaƙen fatar ƙasarsu. Dabarar daga maƙwabtanmu ta tashi ta tsallaka teku, mu kuma muka koma muna sayen wanda aka zuba a masana'anta don gashin da ke kwance.

Su ma masu ƙera buroshin zamani, da suka zauna suka yi nazari, kusa da nan suka dawo. A 2007 wani mai gyaran gashi ɗan Ingila, Shaun Pulfrey, ya kai buroshin da ya sa wa suna Tangle Teezer gaban masu zuba jari a wani shirin talabijin, suka ƙi ba shi ko dala. Yau ana sayar da shi a ƙasashe da dama, kwaikwayonsa kuma ya cika kasuwanni. Sirrinsa shi ne haƙora masu laushi, dogaye da gajeru a gauraye, waɗanda in sun ci karo da ƙulli sai su lanƙwashe su wuce, a sake bi su sake taɓa shi, har ya saki a hankali. Akwai kuma wani samfurin da bayansa ke rabe gida-gida kamar yatsun hannu, kowane layin haƙora yana motsi shi kaɗai, yana buɗewa in ya haɗu da gashi mai cika. Ban kawo sunan nan don talla ba, kuma ba na cewa kowa ya nemi na asali mai tsada. Ƙa'idar nake son mu ɗauka: in mataji da gashi suka yi karo, mataji ne ya kamata ya ba da kai.

To, me uwa za ta duba in ta tsaya gaban teburin ɗan koli a kasuwar Ƙonni ko ta Badagishiri? Ta fara da sararin haƙora. In tsinken ashana ba ya shiga tsakaninsu a sake, ta ajiye shi. Ta duba tsawonsu, domin gajerun haƙora saman gashi kawai suke shafa, su bar ƙullin a ƙasa. Ta goga bakin haƙoran a bayan hannunta, in sun karce ta, to za su karce fatar kan yarinya. Ta bi gefen haƙori da farce, domin matajin roba mai araha yakan fito da wani siririn kaifi daidai inda ɓari biyu na mazubinsa suka haɗu, kuma wannan kaifi yana kankare bayan sili duk lokacin da ya wuce. In buroshi ne, ta danna haƙoran da yatsa ta ga ko suna lanƙwasawa su dawo. Ta guji mai ƴan ƙwallaye a baki in liƙa su aka yi, don gashi yana naɗewa a wuyansu, in sun ɓalle kuma sai su bar tsini. Shi kuma buroshi mai gashi cunkus irin na goge takalmi, aikinsa kwantar da gashi bayan an gama, ba ya warware komai.

Sai dai mataji mai kyau a hannun mai gaggawa ɓarna zai yi. Gashinmu ya fi sauƙin tajewa in yana da danshi da santsi. Gargaɗin da wasu ke ji a bidiyoyin waya cewa kada a taje jiƙaƙƙen gashi, na masu miƙaƙƙen gashi ne. Nan ma ba sai mun nemi kwalbar kanti ba. Iyayenmu mata sun san karkashi, wannan dai da muke miya da shi. A jiƙa busasshen ganyensa a ruwan ɗumi a tace, yauƙin nan nasa yana sa sili ya zame kan sili. Matan Chadi suna kiransa ambunu, yanzu har ƙulla shi ake a leda ana sayar wa matan Turai da Amurka ta intanet, mu kuwa yana fitowa a gonakinmu da damina. Kofi ɗaya ya ishi kan yarinya, don haka ko a unguwar da ruwa ke wuya ba zai gagara ba. A raba gashin gida huɗu ko shida, a shafa ruwan karkashi ko ɗan man kaɗanya, a fara warware manyan ƙulli da yatsu. Sannan a kama gashin da hannu ɗaya kusa da fata don kada jan ya kai ga saiwa, a fara tajewa daga ƙarshe ana hawowa sama kaɗan-kaɗan. Gidan da aka gama a tufke shi a koma na gaba. A bari ya sha iska kafin a kitse a rufe da ɗankwali. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada a ɗauka zafin ɗan lokaci ne kawai. Wata likitar fata ta Afirka ta Kudu, Farfesa Nonhlanhla Khumalo, ita da abokan aikinta sun duba kawunan ƴan makaranta sama da 1,000 a unguwar Langa ta birnin Kef Tawun, suka wallafa sakamakon a 2007. Sun tarar kimanin 17 cikin 100 na yara mata gashinsu na gaban goshi ko na gefe ya fara zubewa saboda yawan ja. A wani binciken nasu kan manya, abin ya kusa kai mace ɗaya cikin uku. Sun kuma lura haɗarin ya fi yawa ga wadda aka shafa wa man miƙar da gashi sannan aka yi mata kitso mai tsauri. Irin wannan zubewa in an farga da wuri gashin yakan dawo. In aka shekara da shekaru ana ja, saiwar takan mutu, babu man da zai sake tsiro da ita. Kowa a cikinmu ya san mata a dangi da goshinsu ya yi ta ja da baya, muna cewa gado ne ko haihuwa ce ta cinye. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa abin tun ana aji CI ya faro. Ga kuma yadda mugun mataji ke kai mu ga mugun magani: uwa ta gaji da kokawa da kan ƴarta, sai ta sayo man miƙarwa, mai sinadarin da ke iya ƙona fata, ta shafa wa ƴar shekara shida. Da an canza mataji tun farko da ba a kai nan ba.

Na ji hujjojin da ake kawowa, kuma ba duka ne na banza ba. Wasu iyaye mata sukan ce haka aka yi mana ba mu mutu ba, mace sai da juriya, wadda ba ta jure mataji ba ina za ta jure naƙuda? Juriya hali ne mai kyau, muna kuma koyar da ita a azumi, a aikin gona, a karatu, inda wahalar ke da riba. Wahalar da ƙarshenta sanƙo ne, abin da take koya wa yarinya shi ne gashin da Allah ya ba ta matsala ne. Na ji ƴan aji CM2 suna cewa da ma gashinsu irin na matan finafinan Indiya ne. Ba daga talabijin kaɗai suka ɗauko wannan ba, har da bakinmu, mu da ke ce musu masu mugun gashi muna dungurinsu da bayan mataji.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta lokaci da kuɗi. Uwa mai ƴaƴa mata huɗu, ga daka ga ɗiban ruwa ga sana'a, tana son kitson da zai kai mako uku, makitsiya kuma ta san in ba ta ja ba za a ce ba ta iya ba. Wannan gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma ƙarkon kitso ya fi dogara ga tsabtar tsaga da kyan kamu fiye da ƙarfin ja, kuma gashin da aka warware da kyau ya fi saurin kitsuwa. Ana iya ƙyale ƙananan gashin gaban goshi kada a kama su, a riƙa sauya salo, in an yi shuku wannan karo a yi zane ko kalaba a na gaba, don kada jan ya riƙa faɗawa wuri ɗaya. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ƙuraje suka fito a layin goshi, ko yarinya ta kasa barci, kitson ya yi tsauri, a sassauta shi ko da an riga an biya kuɗinsa. Shi kuwa mataji mai faɗin haƙora, sau ɗaya ake sayensa a daɗe ana mora.

Hujja ta uku ita ce ƙwarƙwata. Nan kam matsattsen mataji yana da aikinsa, don shi ke iya kwaso ta da ƙwanta. Amma kayan jinya ne, ana ɗauko shi in cutar ta samu, bayan an riga an warware gashin da babban mataji an shafa mai. Kada dai a yi kitso da ƙwarƙwata, kada kuma matajinta ya zama na kullum.

Yanzu gare mu malamai. A makarantu da yawa ana duba tsabta da safe, farce da tufafi da kai, kuma abu ne mai kyau. Amma akwai al'adar da na gani a wurare fiye da ɗaya wadda ya kamata mu bari: malami ya riƙe mataji ɗaya ya bi layin yara maza yana cusa shi a kan kowa, wanda ya maƙale a kansa ya sha bulala ko a yi masa dariya. Matajin da ba na gashinsa ba ne ai dole ya maƙale, ko da yaron ya wanke kansa da asuba. Kuma wannan hanya ce ta yaɗa makero daga kai zuwa kai. Makero ƙwayar cuta ce irin ta fumfuna, tana bin mataji da aska da hula da matashi. In ta kama fatar kai, man shafawa kaɗai ba ya kashe ta, sai an sha magani na makonni. Don haka yaron da muka ga tabo a kansa gashi na kakkaryewa a wurin, mu ce wa iyayensa su kai shi likita. Haka nan batun tsohon kitso. In muka kori yarinya ranar Juma'a muka ce kada ta dawo Litinin sai da sabon kitso, mun san irin gaggawar da za a yi shi da ita. Gara a kira uwar a yi magana da ita a asirce, a ba ta lokaci.

Muna da wuraren isar da wannan saƙo ba tare da an kashe kuɗi ba. Makarantunmu suna da kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye mata ta AME. A zama ɗaya a gayyato makitsiyar unguwa, a kawo matajai iri biyu da kofin ruwan karkashi, a gwada a gaban kowa, gani ya kori ji. A darasin tsabtar jiki, a ba yara su auna sararin haƙoran mataji da ma'auni, su ware silin da ya faɗi don kansa daga wanda aka karya, su ƙirga. Lissafi da kimiyya ke nan a zama ɗaya, da kayan da ke cikin kowane gida. Ina kuma kira ga masu horar da malamai su sa wannan cikin abin da ake koya wa ɗalibai malamai game da lafiyar yaro a makaranta, musamman maza, waɗanda ba su taɓa zama an yi musu tsifa ba, ba su kuma san irin zafin da ɗalibarsu ke shigowa aji da shi ba.

Ɗan kasuwa abin da ake tambaya yake sarowa. Inda ake samo kayan kolin da ke shigo mana ta Ƙonni, Sakkwato ne ko Kano, akwai matajai masu faɗin haƙora da buroshi masu laushi. In mata goma suka tambaya a kasuwa ɗaya, ba za a daɗe ba za a gan su a kan tebur. Masassaƙanmu kuma, masu sassaƙa allo da muciya da ƙotar hauya, guntayen iccen aduwa da ke zubewa a gabansu sun isa mataji mai haƙora biyar ko shida. In an goge shi sumul aka shafa masa mai, ba shi da kaifin mazubi irin na roba, kuma kuɗinsa a garinmu zai tsaya.

Ku kuma iyaye maza, kada ku ce wannan zancen mata ne. Ku ke zuwa kasuwa, ku ke sayo kayan makaranta. Tare da littafi da biro da alli, a sayo wa kowane yaro matajinsa shi kaɗai, mai faɗin haƙora. Da daren kitso kuma uba ya kira ƴarsa ya tambaye ta ko kanta na ciwo. In ta ce yana ciwo, a yarda da ita, a sassauta.

Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.